Hancin Murray Fiebig da Kwalbar Ƙarshe

Tun ranar da Murray Fiebig ya dawo daga wani ɗan kwas na ɗanɗana giya a Adelaide, babu wanda ya ƙara shan abu cikin kwanciyar hankali a gabansa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da kafet, ya auri 'yar manoman inabi ya tare a gefen Tanunda, wai shi ne yanzu yake koya wa mutanen kwarin Barossa yadda ake riƙe kofin gilashi. Da an miƙa masa giya sai ya jujjuya ta, ya cusa hanci, ya lumshe ido, ya ce yana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohuwar fata. Ko shayin matarsa Delma bai tsira ba. A mashaya suka raɗa masa suna Farfesa, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har amsawa yake yi.

Ana cikin haka surukarsa, Elda Noack, ta kusa cika shekara tamanin, ta tara 'ya'yanta ta ce ranar bikin cikarta tamanin za a buɗe kwalbar Alwin.

Kwalbar nan ba ta wasa ba ce. Jar giya ce ta shekarar saba'in da shida, irin wadda masu hali suke rububi a kanta har ƙasashen waje, kuma a cikin inabin da aka yi ta har da na tsofaffin kuringun marigayi Alwin, mijin Elda. Kamfanin da ya yi giyar ya ba shi 'yan kwalabe a lokacin, aka shanye su ɗaya bayan ɗaya a bukukuwan aure da na suna, saura guda. Ita ce suka yi alkawari za su sha tare idan sun kai tamanin. Alwin bai kai ba. Elda ta ce ita ba wani abu take nema ba, kurɓi ɗaya take so ta yi, ta ji abin da hannun mijinta ya noma kafin ta bi shi.

"Ni zan buɗe ta," in ji Murray, tun kafin ta rufe baki.

Kelvin, ƙanen Delma, wanda yake riƙe da gonar yanzu, ya dube shi. "Buɗe kwalba ma sai an nemi izini? A murɗa a ja, shi ke nan."

"Ka ji abin da nake gudu. Kai noma ka sani, Kelvin, ka tsaya a noma. Tsohuwar giya kamar tsohuwar mace take, lallaɓa ta ake yi."

"Tsohuwar macen tana jin ka," in ji Elda.

"Mama, ki bar mini komai. Ranar nan sai an yi shekaru ana labarinta a kwarin nan."

A wannan kam bai yi ƙarya ba. Elda ta dubi 'yarta, Delma ta dubi silin, aka bar masa don a huta da surutu.

Ranar bikin ta faɗo a tsakiyar Janairu, lokacin tsananin zafi a can, rana tana ƙuna tun hantsi. Kelvin ya riga ya tsayar da kwalbar a tsaye a ɗakin ƙasa tun kwanakin baya, don lakar da tsohuwar giya take tarawa ta kwanta a gindi. Abin da ya rage kawai a hau da ita a hankali idan lokaci ya yi. Amma Murray da ya sauka ya gan ta, takardar jikinta ta yi ruwan ƙasa don tsufa, sai zuciyarsa ta raya masa cewa zalunci ne a shanye irin wannan abu 'yan mashaya ba su gan shi a hannunsa ba. Ya naɗe ta da tawul, ya kwantar a kujerar a-kori-kurarsa, ya kama hanyar burji mai gargada. Kwalba ta yi ta rawa har cikin gari.

A mashaya ya tarar da Gus Traeger, tsohon maƙwabcin su Elda, yana zaune inda ya saba. Murray ya kwance tawul, ya ɗaga kwalbar sama.

"Ku kalla da ido kawai. Wanda bai wanke hannu ba kada ya matso."

Gus ya sa tabarau. "Wannan ba ta Alwin ba ce? Elda ta san ka fito da ita yawon shan iska?"

"Na kawo ta ne ta saba da yanayin waje. Ba a fito da giya daga sanyi a buɗe ta kai tsaye, firgita take yi."

"A ina aka ce haka?"

"A kwas."

"To, Farfesa, ɗaga ta wajen taga mu gani."

Murray ya ɗaga. Cikin kwalbar ya dagule, laka tana yawo daga wuya har gindi.

"Da safe haka take?" in ji Gus.

"Alamar rai ke nan. Giyar da ba ta motsi ta mutu."

"Ashe ruwan kududdufin bayan gidana ma da ransa."

'Yan mashaya suka bushe da dariya. Murray ya naɗe kayarsa, ya ce musu jahilci ba laifi ba ne, amma bai kamata a riƙa tallarsa ba. Ya fita yana huci.

Da a ce gida ya wuce, da da sauƙi. Sai ya tsaya sayen ƙanƙara, ya bar kwalba a mota gilasai a rufe, ya kuma ci karo da matar fasto, wadda ta yi kuskuren tambayarsa lafiya. Ya tsare baiwar Allah a bakin shago yana yi mata bayanin yadda harshe yake da unguwanni, kowace unguwa da ɗanɗanon da take ji. Ko da ya dawo, sitiyari ba ya taɓuwa don zafi. Toshiyar kwalbar ta ɗago kai, wani jan ɗigo yana gangarowa a wuyanta. Ya waiga bai ga kowa ba, ya buɗe kula ya cusa kwalbar cikin ƙanƙara tsakanin gwangwanayen giyar 'yan biki. Kafin ya isa gida takardar jikinta ta jiƙe ta saɓule, tana iyo a saman ruwa. Ya tsamo ta, ya manna a gilashin mota ta bushe.

Baƙi sun fara cika farfajiya, an jera tebura ƙarƙashin wani babban itace, kowace mace ta zo da farantinta a rufe. Murray ya zaga ta baya ya shige rumfar kwano inda ake ajiye tarakta, ya aika a kira masa Delma ta zo da tulun gilashin da aka ba su ranar aure da kyandir.

Delma ta shigo, ta dubi kwalbar tsirara, ta dube shi. "Ina takardar?"

"Tana hutawa a mota."

"Murray, me ka yi wa kwalbar babana?"

"Shirya ta nake yi. Riƙe mini kyandir."

Ya ɗora mabuɗi a kan toshiya, ya murɗa, ya ja. Rabi ya fito a hannunsa, rabi ya tsaya. Ya sake murɗawa, abin ya marmashe. Ya ɗauko wuƙa ya shiga sakace, gutsattsari suna faɗawa ciki.

"In kira Kelvin?"

"Ki kira shi ya yi me? Ya shigo da tarakta?"

Ya ɗauki sukundireba daga kan benci, ya dafa ragowar toshiyar ya danna da ƙarfi. Ta faɗa ciki, giya ta yi tsalle ta wanke masa farar riga daga ƙirji har haɓa.

"To, ko ba komai rigarka ta ɗanɗana," in ji Delma.

Saura tulun gilashi. Murray ya shinshina shi, ya ce yana warin kabad, ya sa aka kawo tafasasshen ruwa ya ɗauraye. Sai ya tuna ba a zuba tsohuwar giya a abu mai zafi, ya tsoma tulun cikin kular ƙanƙara. Suka ji ɗan ƙas. Da ya ɗago, wuya ne kaɗai a hannunsa.

Delma ta dubi wuyan tulun aurensu, ta dube shi.

"Dama gilashin ba mai kyau ba ne," in ji shi. Ya waiwaya yana neman mazubi, idonsa ya faɗa kan wani tsohon jug na tasa, fari mai shuɗin baki, a rataye jikin ƙusa. Ko yaron goye a gidan nan ya san aikin jug ɗin. Na mai gasa nama ne. Duk ranar taro ana cika shi da giya mai araha irin ta kwali mai famfo, a ajiye a kan bencin rumfa, wanda yake tsaye a bakin wuta ya riƙa kurɓa yana kwarara wa albasa, in ya ƙarar kuma ya cika ya mayar. Murray ya yi shekaru yana cin gashin gidan, amma bai taɓa tsayawa kusa da wuta ba, wai hayaƙi yana ɓata hanci.

"Ba wannan ba," in ji Delma. "Jug ɗin Kelvin ne."

"Yau ya samu ƙarin girma. Cire safarki."

"In cire me?"

"Safarki, da ita ake tacewa. Haka manya suke yi a Faransa."

"Da safar da aka wuni da ita a ƙafa?"

"Delma, lokaci yana tafiya."

Ta cire takalmi ta zare safar nailan ɗaya, ta wurga masa, ta ce idan ya kuskura ya faɗa wa wani, a mota zai kwana shi da takardarsa. Ya ɗaura safar a bakin jug ya tace giya, kyandir yana ci a gefe babu wanda ya san amfaninsa. Abin da ya taru a jug ruwan ƙasa-ƙasa ne, ya ɗan haura rabi. Ya ajiye a kan benci, ya ce a bar ta ta yi numfashi. Delma ta buɗe baki za ta yi magana, aka ƙwala mata kira daga kicin, ta fita da ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu.

Murray ya shiga gida ya sake riga, ya tsaya gaban madubi yana bitar jawabinsa, ya gyara nan ya ƙara can. Da ya fito, ƙamshin gashi ya cika farfajiya. Kelvin yana ta juya haƙarƙarin rago da tulin albasa a kan faffaɗan farantin ƙarfe, mutane sun yi layi da burodi a hannu. An zuba wa Elda nata, ta ɗauki cokali mai yatsu ke nan Murray ya fizge farantin.

"Mama, albasa? Yau? Kina so ki kashe harshenki kafin babban aiki?"

"Yunwa nake ji, Murray."

"Ki daure. Ruwa kaɗai, ni da ke. Sauran su ci, dama ba abin da za su gane."

Elda ta bi farantin da ido har aka miƙa wa wani. Ta haƙura, don ita ma tana son kurɓin nan ya same ta da baki mai tsabta. Ta zauna tana kallon mutane suna loma, suna komawa ƙari.

"Kelvin, me ka sa wa albasar nan?" in ji Gus, wanda ya iso da yunwarsa. "Ban taɓa cin irinta ba."

"Hannu ne," in ji Kelvin.

Har karen gidan sai da aka jefa masa. Da faranti ya koma wayam, Murray ya buga cokali a jikin kofi, ya sa kowa ya yi tsit. Ya shiga rumfa ya fito da jug a kan tire, yana takawa a hankali. Ya lura jug ɗin ya ƙara nauyi, giya har baki, launinta kuma ya koma ja jawur mai sheƙi. Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Murray kuwa murmushi ya yi, ya ga aikin hannunsa ne.

"Jama'a, ku dubi ikon numfashi," in ji shi. "Ɗazu tana tsohuwa tukuf, yanzu ta koma budurwa."

"Har da ƙiba ta yi," in ji Delma, tana leƙen jug ɗin.

"Iska ce ta shige ta."

Ya zuba wa Elda, ya zuba wa kansa, ya ɗiɗɗiga wa manyan baƙi. Ya hana kowa kai wa baki sai ya gama. Ya juya kofi, ya cusa hanci har sai da gilashi ya yi gumi, ya lumshe ido.

"Fata," in ji shi. "Tsohon sirdi. Ganyen taba. Ga busasshen ɓaure can a baya yana leƙowa." Ya kurɓa, ya wasa baki da ita yana wani gurnani, ya tofar a ciyawa kamar yadda aka koya masa. "Kun ji? Shekara arba'in ke nan a kan harshe. Ina jin ranar bazarar shekarar, ina jin gumin Alwin. Irin wannan ba a sayenta a shago. Kuma ku gafarce ni, a duk taron nan ban ga bakin da ya isa ya gane ta ba."

Gus ya kurɓi tasa, ya tauna baki. "Ni kam kamar na san ta."

"A mafarki ka san ta."

"A'a, kamar ta jiya-jiyan nan."

"Babbar giya ke nan. Tana sa talaka ya ji kamar 'yar gidansu ce."

Elda ba ta sha ba tukuna. Ta riƙe kofin da hannu biyu, idonta ya ciko, tana kallon kuringun da suke gangaren bayan gida. Mutane suka zuba mata ido suna jiran ta. A daidai lokacin Kelvin ya taho daga wajen wuta yana goge hannu da tsumma, ya hangi tire.

"Wa ya ɗauko mini jug?"

"Aro na yi," in ji Murray. "Ka yi shiru, Mama za ta sha."

"Ta sha me? In giyar kwali take so ai ga kwalin can a rumfa, ban daɗe da cika jug ɗin ba. Ina kwalbar Baba?"

Delma ce ta yi ƙarfin hali ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kelvin, da ka ɗauki jug ɗin, babu komai a ciki?"

"Akwai wata 'yar ragowa. Na kurɓa na ji tana warin tsohuwar jaka, na ce wannan ta kwana biyu, sai na juye wa albasa." Ya dubi fuskar yayarsa, ya dubi ta Murray, tsumman ya faɗi daga hannunsa. "Kai, Murray. A jug ɗin gashi ka zuba ta?"

"Ai... numfashi take yi."

Gus ne ya fara. Ya yi ƙoƙarin dannewa saboda Elda, abin ya fi ƙarfinsa, ya kife a kan tebur kafaɗunsa suna rawa. Daga nan dariya ta ɓarke ko'ina.

"Tsohon sirdi, Farfesa?"

"Ina busasshen ɓauren, ya leƙo ko ya koma?"

"Gumin Alwin a cikin kwali, ashe har da famfo aka sa masa."

Murray ya ɗaga hannu. "Ku tsaya. Da gangan na yi. Gwaji ne, ina so in ga ko akwai wanda zai gane."

"To ga sakamako ya fito," in ji Gus yana share hawaye. "Duk wanda ya ci albasa ya ɗanɗana kwalbar Alwin, har kare. Mutum biyu ne kaɗai ba su samu ba."

Dariyar ta mutu a nan, don kowa ya gane ta biyun. Elda ta ajiye kofin a hankali. Ba ta dubi surukinta ba. Ta dafa sanda ta miƙe, ta ɗauki gutsuren burodi daga kan tebur, ta taka har wajen farantin gashi, mutane suna buɗa mata hanya. Wuta ta mutu, ba abin da ya rage sai baƙin maiƙo da ya ƙone a gefe. Ta dangwala burodin, ta goga a kusurwar da ta fi danshi, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Delma ta juya baya tana kuka.

Duk mai kunya a duniya da ya yi shiru a wannan wuri. Murray ya matso kusa da ita, ya sassauta murya.

"Mama, idan kika bar shi a bayan harshe, za ki ji fatar nan da na ce."

Elda ta haɗiye. Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Albasa na ji, Murray," ta ce. "Albasa da ƙauri. Sau nawa Alwin ya ce mu shanye abarmu tun muna da haƙora, ni ce na ce a jira babbar rana." Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, tun daga takalmi har hanci. "Kelvin, kawo masa kwalin nan gaba ɗaya, tunda ya yaba. Daga yau ita zai riƙa sha a gidana, kuma a bakin wuta zai sha ta, a tsaye."